Bakwaini da Ƙwan Lantarki

Sanyin bana da niyya ya zo. Shekaranjiya da magariba ina ƙudundune cikin bargo biyu, jikokina 'ya'yan ɗana Ilu suna gaban talabijin, sai aka ɗauke wuta. Ƙaramin ya ɓarke da kuka kamar an ƙwace masa nono. Babbar kuwa, wadda ba ta raga mini ko a gaban baƙi, ta laluba ta kama yatsan ƙafata ta ce, "Tsoho, kai ka kashe don kana jin barci." Na ce yarinya, da ina da ikon kashe wutar Gaya da kunna ta, ai da ba a kan tabarma za ki same ni ba. Uwarsu ta kunna 'yar fitila mai batir, ta haɗa musu shayi, suka sha suka manta. Ni kuwa hancina ya jiyo warin gawayin da maƙwabta suka hura, sai raina ya tafi wani hunturu na shekarun saba'in, lokacin da uban waɗannan yara bai fi tsayin buta ba.

A lokacin ba a daɗe da kawo mana wuta ba. Wani ƙaton inji ne aka girke a bayan gari, ana tayar da shi da magariba, a kashe in gari ya waye. Ƙararsa kuwa, na rantse har kajin Ajingi da ita suke sanin lokacin shiga akurki. Ni Sabo tela ne, matashi, da damina ina gonarmu ta gado a Kademi, da rani in hau keken ɗinki. Allah ya ɗan buɗa mini, na gina ɗaki na siminti, rufin kwano, da silin, da taga mai gilashi, na ja waya na sa ƙwai biyu, ɗaya a ɗakin, ɗaya a zaure inda nake ɗinki. Tsohon ɗakinmu na ciyawa mai gadon ƙasa kuwa, muka bar wa akuya da harawa. In na wuce ta gabansa har kai nake kawarwa, kamar wanda ya ga tsohon abokin da ya san shi tun yana yawo ba wando.

Yaranmu biyu ne ni da matata Rabi. Ladidi, wadda ta fara zuwa makarantar allo, bakinta ba ya rufuwa da tambaya, sai Ilu da aka yaye ba da jimawa ba. Shi Ilu a cikin wutar ya buɗe ido. A ganinsa magariba ita ce lokacin da rana ke barin tsakar gida ta shigo ɗaki ta rataye a silin.

Rabi tana da ciki na uku, lissafinmu sai sanyi ya wuce. A al'adarmu, in ciki ya tsufa miji ne ke tara itacen wankan jego, manyan gumagumai, ya jibge a ƙofar gida, duk wanda ya wuce ya san an kusa. Na ce bari a gama sussuka tukuna, ai da sauran lokaci. To, wadda ke ciki ba a yi shawarar da ita ba. Tana cika wata bakwai ta sallamo, a tsakiyar ɗari, ƙofar gidana ko tsinken sakace babu.

Na ga jarirai, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Da za ka sa ta a aljihun babbar riga, sai ka manta ka kai rigar wanki. Yatsunta kamar zaren da nake ɗinkin hula da shi. Ranar suna aka raɗa mata Hauwa'u, wani abokina ya leƙa ya ce sunan ma ya fi ta nauyi. Ungozomar asibiti ta duba ta, ta dube mu, ta ce, "Lafiyarta ƙalau, amma maganinta ɗumi. In ta yi sanyi ba za ta yi kuka ta gaya muku ba. Shiru kawai za ta yi." 

Da rana babu damuwa, kwano yana ɗaukar zafi. Dare ne abin tsoro, don ɗakin kwano in rana ta faɗi randa yake komawa. Sai na tuna da wani mai kiwon kajin gidan gona da na taɓa gani yana sauko wa 'yan tsaki da ƙwan lantarki. Na cire murfin keken ɗinkina na katako, na juya shi, na shimfiɗe shi da audugar gonarmu, muka kwantar da ita a ciki. Na ƙara wa ƙwan ɗakin waya ya sauko kusa da ita, na yi masa 'yar inuwa ta kwali don kada ya dami idonta. Ungozoma ta sa hannu ta ji ɗumin, ta ce madalla.

Mutum ɗaya ce ba ta ce madalla ba: Inna, mahaifiyar Rabi, wadda ta taso daga Toranke a kan jaki da ƙullin kanwa da ganyen wanka don ta kula da mai jego. Ku yaran yanzu da kuke cin abinci kwano ɗaya da surukanku ba za ku gane ba. Tun da na auri 'yarta, ni da Inna ba mu taɓa haɗa ido ba. In tana tsakar gida ina zaure. In ta nufo zaure, na san wata ɓaraka a katanga da nake bi in faɗa gidan maƙwabci, har awakinsa sun saba da ni. Ɗakin na bar musu ita da Rabi da yara, na koma kwana gindin keke. Magana kuwa sai ta bakin Ladidi, ko da tsakaninmu ƙyauren ƙofa ne kawai.

"Ladidi, ki ce da mai gidan nan, jikata mutum ce, ba ɗan tsako ba."

Ina ji sarai, amma dole in jira manzo. Ladidi ta fito ta ce, "Baba, Inna ta ce kai ne ɗan tsako."

"Ki ce da ita Allah ya ƙara girma, ungozoma ta gani ta yarda."

"Inna, Baba ya ce ungozoma ta fi ki."

Rabi tana kwance tana dariya tana riƙe ciki tana cewa, "Wallahi yarinyar nan sai ta haɗa yaƙi." Amma dai Inna ta bar ƙwan. Na sha hango ta ta taga tana kara tafin hannunta a ƙarƙashinsa, tana juya shi, tana gyaɗa kai, kamar mai taya kaza a kasuwa.

Muna cikin haka, wata magariba aka yi salla, aka shafa, muka jira ƙarar inji. Shiru. Ban taɓa sanin garin Gaya yana da shiru irin wannan ba. Har kukan jakin wata unguwa kana ji. Ilu ya tsaya ƙarƙashin ƙwan zaure ya ɗaga kai yana jira, da ya gaji sai ya fara hura masa iska da baki, yadda ya ga ana yi wa murhu. Ladidi ta ce, "Baba, wutar in ba ta zo ba, a ina take kwana?" Na ce a gidansu. Ta ce, "Tana da uwa?" Na ce je ki tambayi Inna.

Gaskiyar magana ni ma ban sani ba. Wuta ce, amma ba hayaƙi, ba toka, ba ta cin itace, ta bi ta cikin waya siririya wadda ba ta da rami. Na taɓa yanka guntun wayar na leƙa don in ga ta inda take bi. Har yau in aka yi mini bayani ina cewa na gane ne don kada mai bayanin ya ji kunya.

Daren nan da kwalabe muka fitar da shi. Inna ta tafasa ruwa ta ɗura, na miƙa ƙyallaye ta hannun Ladidi aka naɗe su, aka jera kewaye da jaririya. Suka yi aiki, amma kafin asuba sun huce, sai an sake.

Da safe na saɓa Ilu a wuya, na riƙe hannun Ladidi, muka tafi gano injin, kamar masu zuwa dubiya. Mun tarar rabin gari ya riga mu. Malam Iro mai kula da shi ya feɗe shi, ya baje kayan cikinsa a kan tabarma kamar mahauci ranar kasuwa, shi kansa ya yi baƙi da mai, haƙora da idanu kawai kake gani. Ya ɗaga wani ɗan ƙarfe da bai wuce babban yatsa ba ya ce, "Wannan ne ya karye."

Ladidi ta kutsa ta tsakanin ƙafafun manya ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya kashe garin duka?"

"Shi ne, 'yata."

Wani dattijo ya ce a kai wa maƙera mana, su da suke ƙera garma. Malam Iro ya ce wannan sai Ikko, wato Legas, in babu a Ikko sai ƙasar da aka haifi injin. Aka ce yaushe ke nan? Ya ɗaga hannuwa sama. Wani ya ce ko a yi masa sadakar waina. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma dariyata ba ta wuce leɓe ba, don ni na san abin da na baro a murfin keke.

Kafin azahar kananzir ya ɓace a garin kamar an yi masa kiranye. Na lalubo tsohuwar fitilarmu a bayan rumbu, na tarar tsatsa ta cinye gindinta, ƙadangare ya yi gida a ciki har da iyali. Sai na koma wa aci-bal-bal. Na huda gwangwanin madara, na murza ƙyalle na yi lagwani, Rabi ta ba da man gyaɗan miya. Da aka kunna, Ilu ya ga inuwarsa a bango karon farko tana motsi, ƙatuwa, kanta har silin. Ya ruga ya shige zanen Inna. Ta ce, "Haba angona, kai da za ka kare ni, inuwa ce ta kore ka?" Daga baya kuma da ƙyar ake raba shi da bangon, yana ɗaga hannu yana jiran ƙaton ya ɗaga.

Haske dai an samu. Itace ne ya zama aiki. Shekarun fari ba su daɗe da wucewa ba, karan da aka samu dabbobi sun cinye rabi, an yi danga da rabi. Ga tukunyar wankan jego safe da yamma, wadda ita kaɗai cikinta ya fi na mutum goma. Ga kunun kanwar mai jego. Ga tuwo. Yanzu kuma ga kwalabe dare duka. Maƙwabta suka yi abin da aka saba, wannan ya jefo gungume ta katanga, wancan ya aiko da damin kara. Na ari jaki na tafi ƙauyen Balan neman itace, na fita iska tana yanka kunnena kamar reza, na dawo da kayan da in ka gan shi sai ka tausaya wa jakin don kunya, ba don nauyi ba. Muka koma tuwo sau ɗaya, da safe a yi ɗumame a bakin wutar wanka, da rana yara su ci rogon da aka tura cikin toka. Leɓen Ilu ya tsage, ƙafar Ladidi ta yi faso, man kaɗanya ya daskare sai an kara shi a wuta kafin ya yarda ya shafu. Ruwan buta kuwa, in ka yi alwala da asuba sai ka ji kamar ka tuba daga laifin da ba ka yi ba.

Sanyin ya ƙara tsananta. Wata safiya Rabi ta kira ni bakin taga, murya ƙasa ƙasa, ta ce, "Malam, jiya da na taɓa ƙafarta kamar na taɓa ƙarfe. Kuma ta rage kama nono." Sai ga saƙo daga Inna, wannan karon Ladidi ba ta ƙara ko gishiri ba: a samo gawayi, za a sa kasko a ɗaki. Haka Inna ta yi renon 'ya'yanta duka a Toranke, haka aka rene ta, haka ni ma aka rene ni a Kademi. Ba wanda ya ga abin tambaya. Na samo gawayi wurin maƙera. Ni kuma na ce bari in ba da tawa gudummawar ta tela. Na kwaso buhun ƙyallaye na bi ɗakin nan ta waje, gefen taga, ƙarƙashin ƙofa, duk inda iska za ta iya sa hanci, na cusa na danna da almakashi. Ko sauro ya zo sai ya yi sallama. Na koma zaure ina yaba wa kaina, Inna ma aka ce ta yaba.

Kullum abin da ke tashe ni shi ne ƙarar Inna tana karya kara, tun kafin ladan, tana hura wutar wanka. Ran nan ladan ne ya tashe ni. Na fito tsakar gida, tukunya tana zaune a kan murhu, ba wuta, ba hayaƙi. Na tsaya ƙofar ɗakin na yi gyaran murya. Na yi sallama. Na sake yi da ƙarfi. Tun zuwan Inna ƙafata ba ta taka ɗakin nan ba, na tsaya ina ta shawara da kaina, in ta fito ba ɗankwali fa? Sai na ji muryar Ladidi, can ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

"Baba, ɗakin yana juyawa."

Na sa kafaɗa na banke ƙofar. Iskar ciki ta doke ni, mai ɗumi, mai nauyi, ba hayaƙi ko kaɗan, ga kasko a tsakiya ya yi ja. Ashe da sanyin goshin asuba ya sauko, Inna ta tashi ta ƙara sabon gawayi ta koma ta kwanta. Na fara sungumar murfin keken na fitar, na dawo na kwashi yaran biyu a hammata. Ilu yana shan iska ya fara amai. Rabi ta rarrafo da kanta tana cewa kanta zai tsage. Saura Inna, tana kwance idonta biyu amma ta kasa tashi. Jama'a, ku ji ikon Allah: a wannan halin ma hannuna ya ƙi taɓa ta. Bakin tabarmar na kama na jawo ta da ita a kai har tsakar gida, kamar mai shanya barkono.

Na koma kan murfin keke. Hauwa'u tana numfashi, amma sama sama, kuma ta yi shirun nan da ungozoma ta faɗa. Na rasa inda zan sa kaina. Ciki akwai ɗumi amma iskarsa ta kayar da manya. Waje akwai iska mai kyau amma sanyinta zai iya kashe ɗan akuya. Wuta ba a hura ba, kwalabe sun huce. Rabi ta miƙo hannu ta karɓe ta, sai amai ya taso mata, dole ta mayar mini. Na tsaya tsakar gida riƙe da 'yata a tafin hannu biyu ina juyawa kamar wanda ya ɗauko garwashi.

"Sabo."

Na waiga in ga wane Sabon ake kira. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin nan ba, na ɗauka ma ba ta san shi ba. Inna ce, ta jingina da turmi, ta dube ni tsakiyar ido.

"Cire rigarka. Zo nan, durƙusa."

Na cire. Sanyi ya sare ni har ƙashi. Ta karɓi yarinyar ta zare mata 'yar rigarta, ta manna ta a ƙirjina, fata da fata, kanta a ƙarƙashin haɓata. Ta warware mayafinta ta zagaya bayana da shi ta ɗaure tamau. Ta ce in mayar da rigar a kai, Ladidi ta jawo bargo aka lulluɓa mini.

"Duk gidan nan kai kaɗai ne jininka ke da zafi yanzu. Zauna. Kada ka yi surutun nan naka, numfashi kawai za ka yi."

Na zauna na fuskanci gabas ina jiran rana. Ban taɓa sanin rana tana da nawa irin ta ran nan ba. Da farko abin da nake ji a ƙirjina kamar an ɗora mini ɗanyen kifi. Maƙwabta suka jiyo mu suka shigo, matan suka hura wuta, suka jiƙa wa su Rabi tsamiya, aka fitar da kaskon, wani yaro ya ruga kiran ungozoma. Duk wanda ya tambaye ni yaya, sai in ɗaga gira, an hana ni magana. Ina jin bugun zuciyata, ina neman tata a ƙarƙashinsa, in samu in rasa. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban tabbatar addu'a ba ne.

Rana ta taɓa saman katanga. Sai na ji wani abu kamar ƙafar fara yana tafiya a kan haƙarƙarina. Ya tsaya. Ya sake. Can sai ɗan baki ya fara laluben ƙirjina, yana neman abin da Allah bai ajiye a nan ba. Da ta nema ta rasa, sai ta saki wani ɗan kuka siriri na jin haushi. Na manta da dokar da aka kafa mini na ce, "Inna, tana zagina!"

Inna ta ce, "Ta yi daidai. Miƙa wa uwarta."

Ta kama nono, ta kama da gaske. Rabi tana kuka tana dariya, ni kuma na lura ashe ban yi sallar asuba ba, kuma a gaban surukata nake zaune ba hula.

Abin da ya hana mu sukuni bayan nan, ni da Inna duka, shi ne dalili. Kaskon nan irin wanda aka saba da shi ne tun a ƙauye, gawayin ma haka. Me ya sauya? Ungozoma da ta zo ta duba kowa, ta ce gawayi yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. A ɗakin ciyawa tana bi ta rufi ta fice, a ɗakin siminti mai silin kuwa, wanda aka toshe ko'ina, ba ta da hanya sai cikin mutane. Inna ba ta yarda da magana haka nan ba. Da ta samu ƙarfi ta shiga tsohon ɗakinmu, ta kunna ɗan tsumma, ta tsaya tana kallon hayaƙin yana hawa yana shigewa cikin ciyawa yana ɓacewa. Ta shiga sabon ta yi haka, hayaƙin ya taru a silin yana kai da kawowa kamar baƙon da ya rasa ƙofa. Ladidi tana biye da ita tana tambaya, "Inna, ɗaki ma yana numfashi?" Ta ce, "Wancan yana yi. Wannan kyau kawai gare shi."

A ranar muka ba akuya haƙuri. Ta fita tana harararmu, aka kwashe harawa, aka share, aka yi daɓe, aka hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Matan da yara suka koma can. Hauwa'u kuwa ba a sake mayar da ita katako ba. Aka raba ta kamar aikin gayya: Rabi ta ɗauka, in za ta shiga wanka Inna ta karɓa, in Inna za ta hau murhu sai in ji, "Sabo, karɓi." A kan wannan kaɗai take kiran sunana. In maganar cefane ce ko ta itace, Ladidi tana nan a bakin aikinta.

Na ɗinka wata 'yar jaka ta yadin flanel mai laushi a cikin taguwata, na riƙa hawa keke da ita a ƙirji, labulen zaure a sake. Ƙarar keken ma barci take sa ta. Masu kawo ɗinki suka samu abin yi. Wani ya ce, "Sabo, wata nawa ne? Mu fara tara maka itace?" Wani ya ce a dama mini kunun kanwa. Na ce ku dama, wallahi sha zan yi, ai na fi ku sanin zafin haihuwa. Da yamma yara su kewaye ni, Ilu ya ɗaga bakin rigata ya leƙa ya ce tana nan, ya saki, can ya sake ɗagawa ko ta tafi gidansu kamar wuta.

A hankali jakar ta fara matse ta, na farke na ƙara mata faɗi. Wuyana ya fara sanin akwai kaya. Ƙafar da take kamar ƙarfe ta koma harbina a ciki in na daɗe ban taka keken ba.

Sanyi ya fara sassautawa, muna zaune wata magariba a bakin ɗakin ciyawa, sai muka ji tari daga bayan gari, tari na biyu, sai ƙara ta kama. Garin duka ya ɗauki ihu, yara suna gudu a lungu. Ƙwan sabon ɗaki, da ba wanda ya tuna ya kashe makunninsa, ya haska ta taga. Ilu ya yi tsalle ya tafi gaishe shi.

Na ce alhamdu lillahi, yau ƙirjina zai huta. Na kakkaɓe murfin keke, na sa sabuwar auduga, muka buɗe taga, na kwance Hauwa'u na kwantar da ita ƙarƙashin ƙwan, da ƙyar ma ta shiga. Ta buɗe ido ta dubi hasken. Ta dubi katakon. Sai ta cika ƙirji ta saki wata ƙara da ta danne ta injin, har akuya ta tsinke igiya. Aka jijjiga, aka yi mata wasa, Rabi ta ba ta nono ta ƙi. Na ɗauke ta na mayar cikin taguwa, kafin in gama ɗaure mayafi ta yi ajiyar zuciya ta yi barci.

Na ce, "Rabi, yanzu ina dalili? Ga wuta ta dawo."

Ta ce, "Malam, yarinyar nan ta fi mu wayo. Ta gwada injin biyu ta zaɓa. Naka ba a jiran kayansa daga Ikko, tuwo kawai ake zuba masa." Ta turo mini akushi da ƙafa. "Ci, kada ya mutu mana."